Turmin da Kaka Ya Binne a Bayan Goshi

Daga wurin Allah muka zo, can za mu koma, kuma Kaka ya riga mu tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa na Jiratawa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ni jikarsa ce, ɗiyar 'yarsa ta fari. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, ko da yake har yau ban gama gane mutumin da nake so a tuna ba.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata, har tabarmin gida suka ƙare aka aro na masallaci. Manoman fadama sun zo ayari guda, da laka a ƙafafunsu. Suka ce tun da aka fara raba ruwan kanal ba a taɓa kama shi ya buɗe ruwa a ranar da ba tasa ba. Wani daga baya ya ce haka ne, amma in kai ka kuskura ka buɗe a ranarsa, sai ka ji sunan kakanninka ɗaya bayan ɗaya. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. A cikin gida mata suna ta maganar ƙwaryar madarar da yake aika wa duk wadda ta haihu a unguwa, ko suna shiri da mijinta ko ba sa yi. Wata ta yi kuka sosai, ta ce tagwayenta da madararsa suka tashi, ga su nan har sun shiga lakwal, makarantar boko. Akwai kuma wani tsoho daga ƙauyen Anna na bakin gulbi, waɗanda ke riƙe da al'adar kakanninsu. Maƙwabcin Kaka ne a gona. Ba ya shiga sahun addu'a, amma kullum sai ya zo ya zauna a gindin bedi, iccen da wasu ke kira dogon yaro, fuskarsa wajen turken shanu, har rana ta karkata.

Duk wannan na gane shi. Abin da ya ruɗa ni a kan saniya ya taso, Goshi, tsohuwar jar saniyar Kaka mai farin tabo a goshi, wadda ta yi damina biyu ba ta haihu ba.

Ƙanen Kaka, wanda muke kira Kaka na Tsibiri, shi ya fara. Ya gyara zama a gaban mutane ya ce yayansa ya bar masa amana. "Yac ce mini kada a bari ƙarhe shi shiga cikin Goshi. Wanga aiki na bijimi na, kuma bijimi na nan gidana." Kawu, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Maradi, bai bari maganar ta kai ƙasa ba. Ya ce shi kuwa Baba da bakinsa ya gaya masa likitan dabbobi kaɗai ya yarda ya taɓa ta, mai takardar diplom. Aka juya wajen liman ko zai raba. Liman ya ce shi dai marigayi ya taɓa tambayarsa ko halal ne a sa wa saniya iri da hannu, ya ce masa babu laifi. Sai marigayi ya ce, to in mai yin aikin ya kasance, daga nan ya yi shiru, ya koma tambayar ko an ga hadari ta gabas.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na sani, domin ni ma ya gaya mini duka ukun, a ranaku daban-daban, kuma kowane da fuskar mai gaskiya. Kawu ya rufe zancen da cewa in har aka zo rabon gado Goshi ba ta da ciki, mahauta za a kira. Ba mugunta ba ce, dusa ta yi tsada, kuma kakarmu Iya ba za ta iya ciyar da saniyar da ba ta ba da komai ba. Mahaifiyata, Inna, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jin kome. Ita ce kaɗai a danginmu da ta iya wannan aiki da ake gardama a kai, kuma babu wanda ya ambace ta.

Inna 'yar fari ce, kuma Kaka mutumin da ne a kan wannan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Waccan" yake cewa, ko "mutanen Sabon Gari", da yake can muke zaune a cikin Maradi. In ta shigo gidan sai ya kama duban yatsun ƙafarsa. Ita ma takan durƙusa ta gaida shi tana kallon bango, ya amsa yana kallon rumbu. Iya ma haka take da ita, sai dai ita takan saki kalma ɗaya ko biyu in ta kama dole. Mutane da yawa sun bar wannan kunya ta ɗan fari. Kawu kan ɗora nasa ɗan farin a wuya ya zaga gida da shi, Kaka kuwa in ya gani sai ya kau da kai kamar ya ga mutum yana wanka.

Amma magana ba ta rasa hanya a gidan. Ta kan shanu take bi. Inna na shirin tayar da moto, wato babur ɗinta, ta koma gari, sai ka ji Kaka a turke yana shafa wuyan saniya yana cewa, "Goshi, an ce gudron hanya ya lalace wajen gada. Masu moto su bi a hankali." Inna sai ta dube ni ta ce an ji. Haka aka sanar da ita rasuwar ƙanwarsa, haka aka yi mata faɗa da ta bar ƙanena ya rame, haka aka yi mata barka da dawowa daga Makka. Ina yarinya na ɗauka duk gidan duniya da saniya ake aika saƙo. Kuma wannan mutumin da ba ya iya duban ta shi ne ya sa ta lakwal, lokacin da dangi suka ce ɓata ɗiya zai yi. Inna ta ce a bayan kekensa yake kai ta, bai taɓa ce mata uffan ba, sai in sun zo gangare ya ce wa iska a riƙe da kyau.

Ni kuwa jika ce, tsakanina da shi babu shamaki. Uwargida yake kirana, matar da ba ta taɓa dama masa fura ba. Ni kuma in ce da shi tsohon miji mai rowa, wanda ya fi son saniya da iyalinsa. Yakan ce ai saniya ba ta mayar da magana. In ya kira ni a waya yakan riƙe ta nesa da kunne ya yi ta ɗaga murya, don a ganinsa Maradi da nisa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya cin tuwo sai shanu sun ci, ba ya kuma yarda a tatse saniya ƙarƙaf, wai rabin nonon na maraƙi ne, mu aro muke yi.

Goshi ba kamar sauran shanunsa ba ce. Sauran biyun saye ya yi a kasuwa, baƙi yake kiran su. Ita kuwa daga karsanar da mahaifiyarsa ta zo da ita gidan aure ta fito, uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta haifi ɗiya, kowace da farin tabon nan. Yakan jero sunayensu yadda wasu ke jero kakanninsu, ya gaya maka wadda fari ya ci da wadda ciwo ya ɗauke. Goshi ce ta rage. Maza ta yi ta haifa, karsana guda da ta yi kuma ba ta kai yaye ba. Abin da yake so bai taɓa ɓoye shi ba: karsana ɗaya daga Goshi kafin ta tsufa gaba ɗaya. Bijiminsa ya mutu, na unguwa kuma duk an mayar da su na huɗa da amalanke.

Inna ma'aikaciyar kiwo ce. Da girmanta aka tura ta koyon abin da mutanenmu ke kira allurar barbara, wato a ɗauko irin bijimi a daskare cikin tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi, a narkar da shi, a sa wa saniya da hannu ta wani siririn bututu. Masu garke a kewayen Maradi sun san ta, suna cewa tana da hannu. Gajartar Kaka ta ɗauko, don haka kullum akwai wata 'yar kujerar katako ɗaure a bayan motonta, wadda take hawa in za ta yi aiki. Muna yi mata dariya a kai, ta ce kujerar ta fi mu amfani. Takan ce aikin nan ba ya jira: in saniya ta fara nema da safe, tana kuka tana hawan 'yan'uwanta, to zuwa yamma ake yi, in aka kwana sai kuma wani zagayen. Gwani in gobe zai zo ba shi da amfani, na kusa kuma in hannunsa bai koya ba sai ya ji wa dabba ciwo a ciki. Daga Sabon Gari zuwa Jiratawa kuwa, kafin a sauke tukunyar tuwo ta isa. A lissafina ni mai ɗinki, babu abin gardama a nan.

Wata safiya Iya ta kira ni a waya ta ce Goshi na nema. Ni ta kira, ba Inna ba, kamar kullum. Na gaya wa Inna, ta bar abin da take yi, ta je wurin aikinsu ta ɗauko tulun. Ni na zauna a baya na rungume shi. Ban taɓa ganin ta da fara'a irin ta ranar ba, har waƙa take yi a hanya. Muka iso muka tarar da turken Goshi babu kowa. Iya ta ce wa tukunyar da ke gabanta an tafi da ita fadama. Muka zauna. Aka yi azahar, aka yi la'asar, Inna na duban rana tana duban ƙofa. Sai dab da magariba ya shigo yana jan ta. Ya ga moton, ya ga tulun, ya ɗaure saniyarsa a hankali, sannan ya ce, "Goshi, yau mun yi baƙi. A ba su madara su tahi da ita tun da sauran haske."

Inna ta ɗaure tulun da kanta. Muka kama hanya har muka ga fitilun gari. "Shanun mutane duka na taɓa," in ji ta. "Ta gidanmu ce ban isa ba." Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da zuwa gaisuwa, tana kai masa goro da magani, amma ta daina duban wajen turke. Ni na ji zafin abin ƙwarai, na kuma ji haushinsa.

Washegari na rufe shagona na koma don in yi faɗa. Na same shi yana yanka harawa. Na tambaye shi ko don mace ce. Ya ce uwarsa ce ta koya masa juya maraƙi in ya zo a karkace, mazan gari na tsaye suna kallo. Na ce ko haramun yake gani. Ya ce ya tambayi liman. Na ce to hannunta ne bai yarda da shi ba? Ya daɗe yana duban lauje, sannan ya ce, "Uwargida, ina rigar da kinka ce za ki ɗinka mini tun Sallar bara?" Na ce ba zan ɗinka ba sai ya amsa. Ya ce to zai ƙara aure. A ranar ne ya ce mini bijimi ya fi, don shi Allah ya yi wa aikin. Da na dawo wani mako ya ce likita ya fi, don shi ya yi karatu mai zurfi. Na ce jiya ba haka ka ce ba. Ya ce jiya ai ba yau ba ce, in ba shi wuri zai yi salla.

An gwada bijimin. Kaka na Tsibiri ya turo mota mai buɗaɗɗen baya, aka yi ta fama kafin a ɗora Goshi, aka ratsa da ita tsakiyar Maradi 'yan kabu-kabu na yi mata oda. Ta isa Tsibiri jikinta na rawa. Bijimin ya zo ya sansana ta, ya koma ga karansa. Aka ce a bar ta can har wani zagayen, sai ta ƙi cin abinci, shi ma Kaka ya ƙi ci a Jiratawa. Bai yi mako ba ya je ya ɗauko ta, ya ce ƙanensa da busasshen kara yake kiwo kamar mai hura wuta. Ƙanen ya ce saniyar ce aka sangarta kamar 'yar auta. Ba su sake gaisawa ba sai da azumi ya kama.

An gwada likitan ma. Kawu ne ya samo shi, saurayi dogo mai ladabi, kuma Inna da kanta ta ce ya san aikinsa. Karon farko yana wurin taro a wani gari, ya iso washegari an riga an makara. Karo na biyu ya zo a kan lokaci, ina nan. Matsalar ita ce Goshi ba ta tsayawa kowa sai Kaka. Dole shi ya tsaya a jikinta, hannu ɗaya a ƙugunta, ɗaya riƙe da wutsiya, yana yi mata magana, fuskarsa dab da inda likitan ke aiki. Duk da haka ta yi ta harbi, aka gama a gaggauce, kuma ba ta ɗauka ba. Likitan yana wanke hannu ya ce abin da ake bukata matsi ne, a kafa turaku layi biyu daidai faɗin saniya, a tare gaba da baya da itace, in ta shiga ba sai an riƙe ta ba. Kaka ya ce, "Ko mai ita ba shi nan?" Likitan ya ce ko ba ya nan. Kaka ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa. Na ɗauka kunnen tsufa ne.

Da rani ya kama ya fara kafa matsin a bayan turke, shi kaɗai, da itacen bedi. Ƙarfinsa ya riga ya ragu, yakan haƙa rami ɗaya ya zauna ya huta, amma ya hana kowa sa hannu. Kawu ya yi murna, ya ce Baba ya bi maganar likita. Da ya gama sai ya ɗauki tsohon turmin Iya da ya tsage, ya kife shi a bayan matsin, ya binne rabinsa, ya daddaɓe ƙasar. Iya ta yi ta mita, ta ce da ya bari an faskara an hura wuta. Ni da turmin muka haɗu ranar da na kai masa rigar, don na ɗinka daga baya. Na yi tuntuɓe da shi har na zubar da takalmi. Na ce tsohon nan so kake ka karya ni ka auri wata. Bai dube ni ba, ya ce, "Goshi, ba kowa Allah ya ba tsawo ba." Na yi dariya na ce gara da ka sani. A zatona don kansa ya yi, ya riƙa hawa yana cire mata kaska a gadon baya.

Ranin ya yi tsanani, Goshi ta yi shiru ba ta sake nema ba. Kafin ruwa ya sauka Kaka ya kwanta. Inna ta yi jinyarsa yadda aka saba: ita ke dafa kunu, ni ke kai masa, ita ke tambayar inda ke ciwo daga bakin ƙofa, ya gaya mini, in juya in maimaita mata abin da ta riga ta ji. Na yi ta jira ko ciwo zai sa ya kira ta sau ɗaya. Bai kira ba.

Ranar addu'ar bakwai, tun da sassafe Goshi ta fara kuka. Ga baƙi cike da ƙofar gida, ga ta tana ta zagaya turke tana jan igiya. Mutane suka girgiza kai suna cewa Allahu akbar, har dabba ta san an yi rashi, wasu mata suka sake fashewa da kuka. Iya tana takaba a ɗaki, ta aika a kira ni. Ta jawo ni kusa ta ce, "Ba makoki takai ba. Nema takai."

Kafin a gama rabon sadaka magana ta kai ga maza. Suka ja gefe a bayan zaure. Kaka na Tsibiri ya ce a nemo mota yanzu, amanar yayansa ce. Kawu ya ce wa aka kafa wa matsi in ba likita ba, ya kira shi a waya. Likitan ya ce yana can arewa wurin rigakafi, sai gobe da yamma. Suka tsaya suna duban juna, kowa na rantsuwa da abin da marigayi ya gaya masa. Ni kaina ya ɗaure. Ban san wanda zan goya wa baya ba, don duk abin da ɗayansu ya faɗa na ji shi daga bakin Kaka. Abu ɗaya na sani, in rana ta faɗi an rasa wannan zagayen, kuma ba lalle tsohuwar saniya ta sake nema kafin rabon gado ba.

Na je na sami Inna tana wanke kwanonin baƙi. Na ce ta tashi ta ɗauko tulu. Ba ta ɗago ba. "Bai ba ni da ransa ba," ta ce, "ba ni ɗauka bayan ransa." Na ce to za a yanka ta. Ta ce ta sani. Ta ci gaba da wanke-wanke.

Na fito raina a ɓace, sai tsohon nan na gindin bedi ya yafito ni. Ya ce ya ji kukan saniyar, ina gajeruwar likita take, me take jira? Na ce mahaifinta bai yarda da ita ba. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce saniyar da ke gidansa Kaka ne ya ba shi riƙo shekarar da tasa ta mutu, kuma bara Inna ce ta zo ta yi mata allurar, ga maraƙi can yana tsalle. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, wai Kaka ya roƙe shi ya gaya masa ranar da za ta zo. Kaka ya je tun kafin ta iso, ya ɓuya a bayan rumbu, ya kalli aikin daga farko har ƙarshe ta tsakanin zana. "Da tat tahi wanke hannu," in ji tsohon, "sai yam miƙo mini kara yac ce in auna mishi kujerarta. Na auna, na karya, yas sa aljihu. Ban tambaye shi ba, shi ma bai hwaɗi ba."

Na koma ɗakin Iya a guje na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "To ranar da kunka zo da tulu, wa za shi riƙe mata wutsiya? Shi? Ga ɗiyar hwari da hannu cikin saniya har kahwaɗa, ga shi tsaye suna haɗa numfashi?" Na ce me ya hana ta faɗa tuntuni, Inna ta kwana biyu da wannan ciwon a ranta. Ta ce babu wanda ya tambaye ta, kuma ita ma ɗiyarta ce ta fari. Ban taɓa jin son in yi wa tsohuwa tsawa ba sai ranar, amma na haɗiye.

Ban yi wa Inna bayani ba, don na gaji da zama mai kai saƙo. Na kwance kujerar daga bayan motonta, na kamo hannunta da kumfar sabulu a jiki, na ja ta har bayan turke. Na ajiye kujerar a gefen turmin. Tsawonsu ɗaya, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Kawu ya biyo mu, ya duba, ya ce wannan ba hujja ba ce, Baba ma ai gajere ne. Kaka na Tsibiri ya ce shi dai abin da aka gaya masa ya faɗa. Mai yiwuwa duk suna da gaskiya. Inna ta matso kusa. Ta daɗe tana duban turmin, ta sunkuya ta taɓa ƙasar da aka daddaɓe a gindinsa. Sannan ta goge hannu a zane ta ce in ba ta makullin moto.

Ta dawo da tulun bayan la'asar. Maza suka janye zuwa ƙofar gida ba tare da an ce su tafi ba. Ni da tsohon muka kora Goshi cikin matsin, na tare bayanta da itace kamar yadda likitan ya kwatanta. Ta yi ɗan motsi ta tsaya, babu wanda ya riƙe ta. Inna ta narkar da irin, ta shirya bututun, ta sa doguwar safar hannu. Kujerar tana nan inda na ajiye ta, ba ta ko dube ta ba. Ta hau turmin. Kafin ta fara, ta ɗora tafin hannunta a gadon bayan saniyar, ta yi magana a hankali, amma na ji.

"Goshi, ki hwaɗa mishi na zo."

Ko ta ɗauka, ba mu sani ba tukuna, kuma in ta ɗauka babu mai ba mu tabbacin karsana ce. Kawu ya yarda ba za a kira mahauta ba sai an tabbatar. Kaka na Tsibiri ya koma gida yana cewa in aka haifi maraƙi marar tozo kada a kira shi suna. Ni kuwa har yanzu ina juya abin. Ban gane yadda mutum zai iya haƙa ramuka da hannunsa a cikin zafin rani yana ciwo, amma ya kasa faɗin kalma ɗaya ba. Ni da yake gaya wa kome, me ya hana ya gaya mini? Wani lokaci in ji haushinsa, wani lokaci in ji kewarsa har in kasa taka keken ɗinki.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da kowace ƙwaryar madara da ya aika gidan mai jego. Allah ya ba shi ikon amsa tambaya kai tsaye, don can babu saniyar da zai bi ta kanta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Inna yanzu kusan kullum sai ta je Jiratawa bayan ta tashi aiki, wai duba Goshi take yi. Jiya na raka ta. Ina ɗaki wurin Iya na jiyo ta a turke, tana gaya wa saniyar cewa ƙanena ya yi ƙiba, kuma an gyara gudron wajen gada.